Bindigar lantarki ta Taser: Yadda take aiki, haɗarinta, da yadda 'yan sanda ke amfani da ita

Taser ƙaramar bindiga ce da ke harba wutar lantarki maimakon harsashi. An tallata ta ga hukumomin tsaro a matsayin makamin da ke tsakanin kulki da bindiga: ta kayar da mutum nan take, a sa masa ankwa, ya tashi da ransa. Sama da shekara 20 ke nan 'yan sandan Amurka, Kanada, Birtaniya da Ostareliya suna ɗauke da ita, kuma har yau tambayoyi biyu ba su daina bin ta ba. Tana kisa? Kuma a kan wa ake harba ta?

Asalinta

Jack Cover, wani masanin kimiyya da ya yi aiki da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, shi ya fara ƙera ta a 1969, ya kammala a 1974. Ta farkon da albarushi take harbi, don haka a 1976 hukumomin Amurka suka sanya ta a jerin bindigogi, kasuwarta ta yi sanyi. A 1993 wasu 'yan'uwa biyu, Rick da Tom Smith, suka kafa kamfani a jihar Arizona, suka maye gurbin albarushin da matsattsiyar iskar naitirojin. Wannan kamfani ne ya zama Taser International, daga bisani a 2017 ya sauya suna zuwa Axon. Shi ne kuma ke sayar wa 'yan sanda da dama kyamarar da suke maƙalawa a ƙirji.

Abin da take yi wa jiki

Idan aka ja kunamarta, 'yan kibau biyu masu ƙugiya irin ta fatsa suna fita, kowace tana jan siririyar waya, su kafe a fata ko a tufafi daga nisan 'yan mitoci. Wutar tana bi ta tsakanin kibau biyun, tana bugawa kusan sau 19 a daƙiƙa guda, tsawon daƙiƙa biyar. Bugun yana rikita saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa tsokoki, sai jiki ya sandare, mutum ya faɗi kamar an sare itace, ba ya ko iya kai hannu ya tare ƙasa.

Adadin da aka fi ambata shi ne volt 50,000, kuma shi ya fi firgita jama'a. Amma wannan ƙarfi na ratsa tufafi da iska ne. Abin da ke shiga jiki bai kai haka ba, kuma yawan wutar da ke gudana kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da ta soket ɗin gida. Haɗarin yana wani wuri dabam: inda kibiyar ta sauka, tsawon lokacin da wutar ta ɗauka, da kuma lafiyar wanda aka harba.

Akwai hanya ta biyu ta amfani da ita, wadda ba a harba kibau. Ɗan sanda yana danna bakin bindigar kai tsaye a jikin mutum. Wannan ba ya sandarar da tsoka, azaba kawai yake bayarwa. A riƙe wannan bambanci, domin mafi yawan ƙorafin azabtarwa daga nan yake tasowa.

Tana kisa?

Masu kare makamin suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Wani bincike da likitocin jami'ar Wake Forest suka jagoranta, wanda aka wallafa a 2009, ya duba mutum 1,201 da 'yan sandan Amurka suka yi amfani da ita a kansu. Kashi 99.75 cikin 100 ko dai ba su ji rauni ba, ko kuma raunin ɗan ƙarami ne. Ga lafiyayyen baligi da aka harba sau ɗaya a baya ko a cinya, yiwuwar mutuwa ƙarama ce matuƙa, kuma babu mai gardamar cewa harsashi ya fi ta muni nesa ba kusa ba.

Sai dai waɗanda 'yan sanda ke cin karo da su a kan titi ba duka ne lafiyayyu ba. A 2017 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ƙirga mutum 1,005 da suka mutu a Amurka bayan an yi amfani da Taser a kansu, kusan dukkansu daga farkon shekarun 2000. Daga cikin rahotannin binciken gawa 712 da 'yan jaridar suka samu, 153 sun ambaci makamin a matsayin sanadi ko ɗaya daga cikin sanadan mutuwar. Tara cikin goma na mamatan ba sa ɗauke da makami, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na fama da taɓin hankali ko wata cutar ƙwaƙwalwa. Reuters ce ta yi wannan ƙidaya domin a lokacin babu hukumar gwamnatin tarayyar Amurka da ke yin ta, wanda shi ma abin lura ne.

Hanyoyin mutuwar sanannu ne. Ta farko zuciya: a 2012 likitan zuciya Douglas Zipes ya wallafa nazarin mutum takwas da suka sume bayan an harbe su a ƙirji, ya nuna cewa wutar na iya ƙwace bugun zuciya ta rikita shi har ta tsaya. Kamfanin ya ƙalubalanci nazarin, yana cewa likitan ya sha ba da shaida a ƙararrakin da aka shigar a kansa. Amma tun a 2009 kamfanin da kansa ya shawarci 'yan sanda su guji saita ƙirji. Ta biyu faɗuwa: wanda ya sandare a kan matakala, a kan kwalta ko a bakin ruwa, kansa ne ke fara isa ƙasa. Ta uku gobara, idan akwai fetur a jikin mutum ko kusa da shi. Ta huɗu, wadda ta fi wuyar tantancewa, ita ce haɗuwar abubuwa: mutum ya gaji da kokawa, ko ya sha ƙwaya, a yi ta maimaita masa wutar, sannan a danne shi rub-da-ciki har numfashi ya gagara. Saboda haka ne ƙa'idojin da aka fitar wa 'yan sandan Amurka a 2011 suka yi gargaɗi kan wuce daƙiƙa 15 jimilla.

A nan gizo ke saƙar: wa ke rubuta sanadin mutuwa? Shekaru da dama ana danganta irin waɗannan mace-mace da wani yanayi na gigita da fita hayyaci, wanda ake cewa shi kaɗai ya isa ya kashe mutum, ko an taɓa shi ko ba a taɓa ba. Kamfanin ya taimaka wajen yaɗa wannan bayani, har ya taɓa kai ofishin binciken gawa ƙara a jihar Ohio, inda a 2008 alƙali ya ba da umarnin cire sunan Taser daga rahoton mutuwar mutum uku. A 2023 ƙungiyar likitocin agajin gaggawa ta Amurka ta janye goyon bayanta ga wannan bayani, jihar Kalifoniya kuma ta haramta rubuta shi a matsayin sanadin mutuwa.

Inda ake wuce gona da iri

A ranar 14 ga Oktoban 2007, Robert Dziekański, ɗan ƙasar Polan mai shekara 40 da ya zo Kanada don zama da mahaifiyarsa, ya shafe kusan sa'o'i goma a filin jirgin saman Vancouver. Ba ya jin Turanci, bai sami mai yi masa jagora ba, hankalinsa ya tashi har ya fara jifa da kaya. 'Yan sanda huɗu suka iso. Ba su cika minti ɗaya a wurin ba suka harbe shi, suka saki wutar har sau biyar, ya mutu nan take. Abin da ke hannunsa shi ne ƙaramar na'urar haɗa takardu ta ofis. Bidiyon da wani fasinja ya ɗauka ne ya rusa labarin da hukuma ta fara bayarwa. Kwamitin bincike na Mai Shari'a Thomas Braidwood ya ce a 2010 babu hujjar harbin, daga baya kuma aka sami biyu daga cikin jami'an da laifin yin ƙarya bayan rantsuwa.

A Ingila, tsohon ɗan wasan Aston Villa, Dalian Atkinson, ya fita hayyacinsa a ƙofar gidan mahaifinsa a garin Telford cikin Agustan 2016. Ɗan sanda Benjamin Monk ya riƙe kunamar tsawon daƙiƙa 33, fiye da ninki shida na ƙa'ida, sannan ya shure shi a ka yana kwance. A 2021 kotu ta ɗaure Monk shekara takwas kan kisa ba da niyya ba, karo na farko cikin sama da shekara 30 da aka sami ɗan sandan ƙasar da irin wannan laifi a bakin aiki. A Ostareliya kuwa, cikin Mayun 2023, wata tsohuwa mai shekara 95, Clare Nowland, da ke fama da gigin tsufa a gidan kula da tsofaffi, tana tafe da abin dogarawa da wuƙar cin abinci a hannu, aka harbe ta. Ta faɗi, kanta ya fashe, ta rasu bayan mako guda. An sami ɗan sandan da laifi a 2024, amma bai yi zaman gidan yari ba.

Babu ɗaya daga cikin mutanen nan uku da hankali zai ce ya cancanci harsashi. Wannan shi ne ƙashin bayan suka da ake yi wa makamin. An sayar da shi don ya maye gurbin bindiga, amma a aikace sau da yawa gurbin haƙuri da lallashi yake maye, domin ɗan sandan da zai yi dogon tunani kafin ya harba harsashi ba ya jin nauyin jan kunamar abin da aka ce masa ba ya kisa.

Bincike ya fara tabbatar da wannan zargi. Masana tattalin arziki biyu da suka nazarci birnin Chicago bayan an rarraba Taser ga 'yan sintiri sun gano cewa raunukan 'yan sanda sun ragu, amma harbi da bindiga bai ragu ba. Wani gwaji da jami'ar Cambridge ta yi da 'yan sandan tsakiyar birnin Landan ya nuna cewa masu ɗauke da ita a bayyane sun fi takwarorinsu amfani da ƙarfi da kashi 48 cikin 100, kuma su ma an fi kai musu hari. A ɗaya ɓangaren, alƙaluman Ingila da Wales na nuna cewa a fiye da kashi 80 cikin 100 na lokutan da aka zaro ta, ba a harba ba; ganin jan ɗigon haske a ƙirji kan isa mutum ya miƙa wuya. Alƙaluman dai su ne kuma ke nuna cewa baƙar fata sun fi farare fuskantar ta ninki da dama, abin da hukumar sa ido kan 'yan sandan ƙasar ta nuna damuwa a kai a 2021.

Akwai kuma kuskuren hannu. A Afrilun 2021, a jihar Minnesota, 'yar sanda Kim Potter, mai shekara 26 a bakin aiki, ta yi ihun za ta harba Taser, ashe bindiga ta zaro. Daunte Wright, ɗan shekara 20, ya mutu.

Abin da doka ta ce, da inda Najeriya ta shigo

Tun a 2007 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da azabtarwa, yayin da yake duba rahoton ƙasar Fotugal, ya ce zafin da samfurin X26 ke haifarwa nau'i ne na azabtarwa, kuma yana iya kisa. Jagorar da ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar ya fitar a 2020 ba ta haramta makamin ba. Ta taƙaita shi ga lokacin da mutum ke barazanar jikkata wani nan take, ta kuma ja kunne kan yara, tsofaffi da mata masu ciki. Hukuncin ya fi tsauri kan sandunan lantarki da sauran na'urorin da ake dannawa a jiki kai tsaye: a 2023 mai bincike ta musamman ta Majalisar kan azabtarwa, Alice Jill Edwards, ta nemi a haramta ƙera su da cinikinsu baki ɗaya. Bidiyon Javier Ordóñez, wanda 'yan sandan Bogotá a Kolombiya suka danne suna ta danna masa wutar yana roƙonsu su bari, kafin ya mutu sakamakon dukan da ya sha a hannunsu cikin Satumban 2020, ya nuna yadda abin yake idan mutum ya riga ya shiga hannu.

A Najeriya maganar kan taso ne duk lokacin da harsashin ɗan sanda ya kashe wanda bai ji ba bai gani ba. A 2019, shekarar da aka harbe Kolade Johnson a Legas, Sufeto Janar na lokacin, Mohammed Adamu, ya yi maganar bai wa 'yan sintiri makaman lantarki maimakon bindiga, aka kuma yi wa dokar amfani da ƙarfi ta rundunar, wato Oda ta 237, kwaskwarima. Shekara guda bayan haka zanga-zangar EndSARS ta ɓarke. Ga ƙasar da ɗan sanda ke tsayawa a shingen bincike da AK-47, duk abin da zai rage harsashi abin sauraro ne. Sai dai rahoton Amnesty International na 2014 ya riga ya lissafa jan lantarki cikin hanyoyin da ake gana wa tsararru azaba a ƙasar don tatsar iƙirari, wato hannun da za a danƙa wa makamin ba baƙonsa ba ne.

Taser ta zamani tana da wata siffa da bindiga ba ta da ita: tana adana rana, lokaci da tsawon kowane harbi a cikinta. Daga wannan ajiya ce kotun Ingila ta san daƙiƙa 33 ɗin Monk. Ajiyar tana amfani ne kawai idan akwai wanda zai sauke bayanan, da hukumar da ba ta ƙarƙashin rundunar da za ta karanta su. A ɓangaren hukunci, Dokar Hana Azabtarwa ta Najeriya ta 2017 ta ambaci jan lantarki ƙarara cikin ayyukan azabtarwa, ta kuma tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 25 ga wanda aka samu da laifi.