Bakin Mai Mulki a Ƙasar Daura

A ƙasar Daura, tun zamanin da, yadda mai muƙami yake sarrafa bakinsa yana cikin abubuwan farko da ake auna girmansa da su. Halayen da ke zubar da kwarjini sanannu ne ga kowa: surutu, ɗaga murya, yawan rantsuwa, kame-kame idan an yi tambaya, sakin fuska fiye da kima ga na ƙasa, sai kuma magana biyu, wadda ta fi sauran muni. Amma ba a bar wa basarake shi kaɗai ɗawainiyar kiyaye waɗannan ba. An kewaye shi da mutane da al'adu waɗanda aikinsu shi ne su tsare shi daga harshensa.

Wannan tsari tsoho ne, kuma bai tsaya a ƙasar Hausa ba. Lokacin da Ibn Battuta ya ziyarci Mali a 1352, ya tarar ana magana da Mansa Sulaiman ne ta bakin wani mai suna Dugha. A Walata ma wakilin sarki ya yi wa fatake magana ta bakin wani alhali suna tsaye a gabansa, baƙon ya ɗauki abin raini ne, har ya yi da-na-sanin zuwa. A Kano kuwa, wajen 1492, Shehu Magili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha a kan mulki, ya keɓe babi guda ga yadda mai mulki zai riƙe kansa a majalisa: natsuwa, ƙarancin magana, gudun ƙyalƙyalar dariya, da cika alkawari. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci gajiyar wannan nasiha a littafinsa Liya'ul Hukkami, don haka jihadi ya sauya masu mulki amma bai ture wannan ladabi ba. Wajen 1805 Malam Isiyaku, na ɓangaren masu jihadi, ya karɓi birnin Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita, daga baya danginsa suka kafa sarauta a Zango da Ɓaure ƙarƙashin inuwar Damagaram. Daura ta zama uku, kowace da fadarta da fadawanta, har zuwa farkon ƙarni na 20 da Turawa suka maido da Malam Musa na Zango kan gadon kakanninsa.

A zaman fada ake ganin tsarin ƙarara. Mai gaisuwa yakan tuɓe takalmi tun daga nesa, ya zube, ya ce "Allah ya ja zamanin sarki." Sarki ba ya amsawa da baki. Amawali ya rufe masa rabin fuska, iyakarsa ya ɗaga hannu ya yi jinjina, dogarai su amsa da ƙarfi, "An gaishe ka!" In tari ya zo masa, ko yana so ya gyara rawani, sai su baza manyan rigunansu su kare shi daga idon jama'a. Idan zai yi magana yakan yi ta ƙasa-ƙasa, wani bafade na kusa ya maimaita ta yadda kowa zai ji. Amfanin wannan ya wuce ado. Sarki yana samun lokacin tunani tsakanin ji da amsawa. Maganar da ta fito da zafi takan huce a bakin mai maimaitawa. In kuma saƙo ya ɓaci, akwai wanda za a ɗora wa laifi ba tare da an taɓa rawani ba. Duk wata magana mai sa mutum ya yi arha an raba ta ga masu ita: shela ta sanƙira ce, yabo da zuga na maroƙa ne, tsawa ta dogari, barkwanci kuwa na wawan sarki, wanda shi kaɗai ke iya faɗin abin da ya ga dama a kwana lafiya. Abin da ya rage wa sarki shi ne hukunci, shi kuwa sau ɗaya ake furta shi. Daga nan aka samu zancen cewa sarki ba ya magana biyu.

Tsarin yana da tasa tsadar, kuma talaka ne ya fi biya. Kukansa sai ya ratsa bakuna da yawa kafin ya kai kunnen sarki, jakada ko bafaden da bai sami gaisuwa ba yana iya rage wa magana gishiri a hanya.

Na ƙasa shi ma da tasa ƙa'idar. Bara ba ya haɗa ido da ubangidansa, ba ya kiran sunansa, ba ya ce masa "a'a" ƙiri-ƙiri. Ko kalmar "kai" ana kauce mata, sai a ce "An tashi lafiya?" ko "Ranka ya daɗe, da an ƙara dubawa." Wanda ya ga kuskure a shawarar babba yakan bi ta karin magana, ko ya aika dattijo, ko ya jira a keɓe. "To" ɗin bara ba kullum take nufin yarda ba, kuma ubangidan da ya san aikinsa yakan gane wacce "to" aka yi masa.

Mai'adua, wadda ke bakin iyakar Nijar kuma Galadiman Daura ne hakiminta, tana da wani fage da aka daɗe ana gwada nauyin magana a cikinsa, wato kasuwarta ta ranar Lahadi. Shanu da raƙuma da raguna suna shigowa daga arewa, fatake suna zuwa daga Kano har da kudancin Najeriya, kuma galibin mai sayarwa da mai saye ba su san juna ba. Dillali ne ke tsakaninsu, jarinsa kuwa bakinsa ne. Ciniki yana da kalmomi ƙididdigaggu. Mai saye ya taya, mai dabba ya ce "albarka" in kuɗin bai yi masa ba, a ƙara, ya sake cewa "albarka," har a kai inda zai ce "na sallama." Daga wannan kalma ciniki ya faɗa, sai biya da la'ada. Wanda ya sallama sannan ya janye don wani ya zo da ƙari ya yi abin kunya, kuma labarinsa zai riga shi isa kasuwar Daura da ta Zango. Dillali yana da izinin surutu fiye da basarake, don zuga haja aikinsa ne, amma manyan dillalai ba a san su da hayaniya ba. Mai rantsuwa tun kafin a musa masa, masu saye sukan ƙara duba haƙoran san da yake yabo. Mai dabba kuma da ya soma ba da labarin bashin da ke kansa ko bikin da ya matso ya riga ya karya farashinsa da kansa, shi ya sa makiyayi kan tsaya gefe da sandarsa ya bar dillali da magana.

Mulkin Turawa ya fara taɓa wannan tsari ta hanyar ƙara masa sababbin bakuna. Tafinta da masinja suka shiga tsakanin Di'o da sarakuna, aka tura hakimai su zauna a gundumominsu maimakon aiko jakadu, aka ba su malamai masu rubuta haraji da jangali. A doguwar sarautar Sarki Abdurrahman, daga 1911 zuwa 1966, hakimi ya zama ma'aikacin En'e mai albashi, wanda dole ya amsa tambayar Bature mai rangadi da adadi. Shirun da ke ƙara masa girma a gaban talakawa, a gaban Di'o sai ya zama alamar bai san lissafinsa ba.

Siyasar jam'iyyu ta kawo babbar girgiza. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, lacca a dandali ta zama hanyar neman mulki, 'yan Sawaba suka riƙa kiran sunan azzalumi a bainar jama'a, abin da a da sai wawan sarki. NPC ma dole ta nemi nata masu baki. Magajin Abdurrahman, Muhammadu Bashar, ya yi minista a gwamnatin Jihar Arewa kafin ya hau gado a 1966, wato ya san muhawarar majalisa kafin ya ja amawali. Daga nan iko ya ci gaba da zamewa daga fada: kotuna da 'yan doka suka koma hannun gwamnati a ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, a 1979 kuma Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Daura ke cikinta kafin a ƙirƙiri Jihar Katsina a 1987.

Shugaban ofis na yau ya gaji tsammanin jama'a cewa babba ba ya surutu, amma bai gaji sanƙira ko dogari ba. Shi zai yi shela, shi zai yi faɗa, shi zai ba da haƙuri, kuma kowanne yana rage masa wani abu a idon mutanen da suka tashi da tsohon ma'auni. Da yawa sukan fake da "za a duba" da "a dawo gobe," wanda a wurin mai jira ba shi da maraba da magana biyu. Ƙaramin ma'aikaci kuma yana shan tasa wahalar ta ɗaya gefen. Sunkuyar da kai da sassauta murya da aka hore shi da su a gida, a ɗakin ganawar neman aiki ko gaban jami'in da ya zo daga Abuja ana karanta su a matsayin rashin sanin aiki. Matan da suka shiga koyarwa da aikin asibiti su suka fi jin wannan, domin kunyar da ake yabon su da ita a gida ita ce ke hana a ji su a taron ma'aikata, in kuma suka ɗaga murya a ce ba su da ta ido.