Gaɓar Tafkin Kainji: Amanar da ke wuyan mazauna

Ya ku 'yan uwa da ci-rani ya kawo iyayenmu ƙasar Kontagora har zama ya kama mu, tun daga Kasuwan Garba har zuwa ƙauyukan Magama da ke bakin ruwa. Yau ina so mu waiwayi tarihin Tafkin Kainji, domin Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma yawancin abin da ke ɓata ruwan tafki daga gaɓarsa yake farawa.

An fara gina madatsar Kainji a kan kogin Kwara a shekarar 1964, aka kammala a 1968. Da ruwa ya taru sai ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya haɗiye tsohon garin Bussa da tsibirai masu yawa na ƙasar Yawuri, inda Gungawa suka yi suna wajen noman albasa. Mutane kimanin 44,000 aka tayar aka sake musu matsuguni. A daidai lokacin da waɗannan bayin Allah ke barin kufan iyayensu, wasu kuma shigowa suke yi: Sarkawa masunta daga ƙasar Kabi, da manoma da fatake Hausawa daga Sakkwato da Katsina da sauran wurare. Kifi ne ya kira su, don an ƙiyasta cewa a 1971 an kama sama da tan 28,000, kafin abin ya faɗo zuwa ƙasa da tan 5,000 a ƙarshen shekarun 1970.

Mai karatu ya sani cewa wannan tafki ba shi da gaɓa guda tsayayya. Ruwa biyu ne ke cika shi a kowace shekara. Akwai farin ruwa, na daminar yankinmu, wanda ke zuwa wajen watan Agusta zuwa Oktoba ɗauke da laka. Sai kuma baƙin ruwa, wanda ke tasowa daga tsaunukan Gini, ya ratsa fadamun Mali inda lakarsa ke kwantawa, ya iso nan da sanyin hunturu garai-garai. Tsakanin cikar tafkin da janyewarsa akwai bambancin kusan mita 10, saboda haka duk shekara ana samun fili mai faɗi mai danshi da ruwa ya bari. A nan ake shuka, a nan ake kiwo da rani, kuma a nan zaizaya take. Idan aka nome ƙasa har bakin ruwa, aka sare itatuwan gefe don itacen banda da gawayi, igiyar ruwa da ruwan sama sai su kwashe ƙasar su zuba cikin tafki, tare da ragowar takin zamani da maganin feshi.

Akwai wata ciyawa da ake kira burugu, wadda ke mamaye wuraren da ba su da zurfi. Masu lura da madatsa sun taɓa kallonta a matsayin matsala saboda ruwan da take sha, amma binciken masana na cibiyar nazarin tafkin da ke Sabuwar Bussa ya nuna amfaninta: abincin shanu ce da rani, maɓoyar 'ya'yan kifi ce, tana kuma karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta daki gaɓa. Duk inda aka ƙone ta ko aka bari dabbobi suka cinye ta har saiwa, an tuɓe wa gaɓa rigarta ke nan.

Wajen ƙarshen shekarun 1980 wata baƙuwar kainuwa, wadda asalinta Kudancin Amurka ne, ta biyo kogi daga Jamhuriyar Nijar ta shigo tafkin. Mukan ce kainuwa dashen Allah, to amma wannan ta zo da wahala, don ta toshe mashigin jirage, ta yaga komar masunta, ta kuma zama maɓoyar katantanwa mai yaɗa cutar tsargiya. A 1993 aka fara wani shiri na haɗin gwiwa tsakanin Najeriya da Jamus don raya sana'ar su a tafkin. An gitta shinge a kan kogi a Zamare don tare kainuwar, amma babban aikin mutanen ƙauyuka ne suka yi shi da hannunsu, suna tsamo ta suna shanyawa a tudu. Haka kuma a ƙarshen shekarun 1990 aka hana jan taru mai ƙananan idanu, wanda ke share bakin ruwa ya kwashe har 'ya'yan kifi. Dokar ta yi tasiri ne a wuraren da sarakunan ruwa da masu gari suka tsaya a kanta.

Darasin da na ɗauka shi ne, duk abin da ya yi nasara a Kainji sai da mazauna gaɓa suka ɗauke shi nasu. A nan ne maganar ta shafe mu. An ce baƙo raɓa ne, amma wanda ya haifi 'ya'ya da jikoki a wuri, ya binne iyayensa a can, ai ya wuce raɓa. Mai tunanin gobe zai koma gida shi ne ke sare bishiyar ƙarshe, ko ya zuba guba a ruwa don kamun kifin rana ɗaya.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfinmu ba. A bar tazara tsakanin gona da ruwa ba tare da an sa garma ba, a dasa ciyawar jema da itatuwa a bakin kwazazzabai, a ware mashayar dabbobi daban da wurin ɗibar ruwan sha, a daina wanke tankin feshi a rafi. Wannan ya shafi mai gona a bakin ƙaramin rafi a ƙasar Mariga kamar yadda ya shafi masunci a Yawuri, tunda kowane rafi wani yake shayarwa a gaba. Limamanmu da shugabannin ƙungiyoyin manoma da masunta su riƙa tuna wa jama'a haka.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.