FLARM

FLARM na'ura ce da ke gargaɗin matuƙin ƙaramin jirgin sama idan wani jirgi na shirin karo da shi. An ƙirƙiro ta a Suwizalan a shekarar 2004 domin jirage marasa inji, waɗanda siririn jikinsu fari kan saje da gajimare. Tana gano inda jirgi yake ta hanyar GPS, ta hasashe inda zai dosa, ta sanar da jiragen da ke kusa ta rediyo.

Rauninta babba ne: TCAS, na'urar gargaɗin karo ta manyan jiragen fasinja, ba ta jin saƙonta, sai na taransfonda, wata na'urar rediyo da ke bayyana inda jirgi yake. A Agustan 2006, a jihar Nebada ta Amurka, jirgi marar inji da taransfondarsa ke a kashe ya yi karo da jet samfurin Hawker. Kowa ya tsira da ransa.