Lasisin Dillali da Katangar Unguwa: Waiwaye Kan Dokar Gidaje a Amurka

Sana'ar dillanci tsohuwar aba ce a wurinmu, kuma mun san jarin dillali bai wuce bakinsa da amanarsa ba. Shi ke jin labarin gidan da za a sayar tun kafin maƙwabta su ji, shi ke kai mai saye, shi ke sasanta ciniki, sannan ya karɓi la'adarsa. Ke nan duk wanda dillalai suka ƙi nuna wa gida, da wuya ya shiga unguwar ko da kuɗinsa sun kai. A ƙasar Amurka an shafe shekaru masu yawa ana amfani da wannan ƙarfi na dillali wajen raba baƙar fata da farar fata, kuma wannan tarihi ne za mu ɗan waiwaya a wannan fitowa.

A farkon ƙarni na 20 dillancin gidaje a can ba shi da mafaɗi. Kowa na iya wayar gari ya ce shi dillali ne, ya sayar wa baƙo filin da ruwa ke kwanciya a cikinsa, ya yi layar zana. Don tsarkake sana'ar ne manyan dillalai suka haɗu a birnin Shikago a 1908 suka kafa ƙungiya ta ƙasa. A 1913 suka rubuta kundin ladubban sana'a, a 1916 kuma suka ɗauki sunan Realtor, wanda ɗan ƙungiya kaɗai ke da ikon amsawa. Daga nan suka matsa wa jihohi lamba a kan a yi dokar lasisi, yadda babu mai dillanci sai da takardar hukuma. Kalifoniya ce ta fara a 1917, kotu ta soke dokar, aka sake yin wata a 1919, sauran jihohi suka yi ta biyo baya har ta kai kowace tana da tata.

Har zuwa nan babu abin zargi. Sai dai kash, a daidai wannan lokaci ne baƙaƙen fata suka fara kwararowa daga jihohin kudu zuwa biranen arewa suna neman aikin masana'antu, kuma farare ba su son maƙwabtaka da su. Wasu birane sun yi dokar keɓe unguwanni, amma a 1917 Kotun Ƙoli ta rushe ta birnin Louisville. Da ƙofar hukuma ta rufe, sai aka koma ga yarjejeniya tsakanin masu gidaje: a rubuta a takardar gida cewa ba za a sayar wa baƙar fata ba, ba kuma za a ba shi haya ba, wani lokaci har da Yahudu da mutanen Asiya. A 1924 ƙungiyar dillalai ta ƙara sashe na 34 a kundinta, wanda ya hana ɗan ƙungiya shigar da mutanen wani jinsi ko wata ƙasa cikin unguwar da zamansu zai karya darajar gidaje. A lura da kyau, wariya ce aka sa wa rigar ladabi. Dillalin da ya ƙi sayar wa baƙar fata shi ne mai mutunci a idon abokan sana'arsa, wanda ya sayar kuwa ana iya korarsa daga ƙungiya, ya rasa jerin gidajen da 'yan ƙungiya ke rabawa a tsakaninsu, wato dai an toshe masa hanyar abinci.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne hannu ɗaya ne ya yi ayyukan biyu. Lauyan ƙungiyar, Nathan William MacChesney, shi ya tsara samfurin dokar lasisi da jihohi da dama suka kwafa, kuma shi ne a 1927 ya tsara wa dillalan Shikago samfurin waccan yarjejeniya ta hana baƙar fata gida. Gwamnatin tarayya ma ta bi sahu, domin hukumar lamunin gidaje da ta kafa a 1934 ta riƙa ƙin tsaya wa bashin sayen gida a unguwannin baƙaƙe da masu gauraye. Su kuwa dillalai baƙaƙen fata, ko sun samu lasisi ba a karɓarsu a ƙungiya, shi ya sa suka kafa tasu a birnin Tampa a 1947.

Mu marubuta muna da rabo na musamman a wannan tarihi. A ƙarshen shekarun 1930 wani baƙar fata mai suna Carl Hansberry, wanda shi ma harkar gidaje yake yi, ya sayi gida a wata unguwar farare a kudancin Shikago, inda aka riga aka ƙulla irin waccan yarjejeniya. Maƙwabta suka yi wa gidan dafifi, har aka jefo wani ɓangaren kankare ta taga, ya kusa samun ƙaramar 'yarsa Lorraine. Kotunan jihar suka ce ya tashi. Ya ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli, inda ya yi nasara a 1940, amma nasara ce ta rabi da rabi, domin alƙalan ba su ce yarjejeniyar haramtacciya ba ce. Cewa kawai suka yi hukuncin wata tsohuwar shari'a da ba ya cikinta ba zai ɗaure shi ba. Ya rasu a ƙasar Meziko a 1946. Ita kuwa yarinyar ta girma ta rubuta wasan kwaikwayo mai suna A Raisin in the Sun, wanda aka fara nunawa a dandalin Broadway na Niyok a 1959, karo na farko ke nan da aka nuna wasan wata baƙar mace a can. Ba ta cika wasan da lambobin doka ba. Wakilin ƙungiyar unguwa ta kawo, mutum mai taushin murya da fara'a, ya zo yana roƙon iyalin su karɓi kuɗi su fasa tarewa. A ganinmu ta fi kundin shari'ar nuna yadda abin yake, domin galibin wariyar gidaje cikin ladabi ake yin ta.

A 1948, a shari'ar Shelley da Kraemer, Kotun Ƙoli ta hana kotuna tilasta bin irin waɗannan yarjejeniyoyi, kuma a 1950 ƙungiyar ta goge batun jinsi daga sashe na 34. An goge rubutu, hali kuwa yana nan. Wasu dillalan ma sai suka gano sabuwar hanyar cin riba: su shiga unguwar farare suna baza labarin cewa baƙaƙe na tafe, masu gidaje su tsorata su sayar da araha, su kuma su juya su sayar wa baƙaƙe da tsada. Da Kalifoniya ta yi dokar hana wariyar gidaje a 1963, ƙungiyar dillalan jihar ce ta jagoranci ƙuri'ar raba-gardama ta 1964 da ta soke ta da rinjayen kusan kashi biyu cikin uku, sai a 1967 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa sokewar ta saɓa wa tsarin mulki.

A 1966 Martin Luther King ya kai gwagwarmayarsa Shikago, inda ofisoshin dillalai suka kasance cikin wuraren da aka yi wa zanga-zanga, kuma a wani tattaki a watan Agusta aka jefe shi da dutse a ka. Duk da haka ƙudurin dokar ya yi ta maƙalewa a majalisa. Ranar 4 ga Afrilu, 1968 aka kashe King, birane suka kama da wuta, ranar 11 ga wata Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a Dokar Adalci a Harkar Gidaje. Ta haramta ƙin sayarwa ko bayar da haya saboda jinsi, launin fata, addini ko ƙasar asali, ta haramta yi wa mutum ƙaryar cewa gida ya riga ya fita, ta kuma haramta waccan dabara ta tsorata masu gidaje. Akwai wani sassauci da ya nuna inda dokar ta dosa: mai gida ɗaya da zai sayar da kansa an ɗaga masa ƙafa bisa wasu sharuɗɗa, amma da zarar ya sa dillali a tsakani, sassaucin ya faɗi. Wata biyu bayan haka Kotun Ƙoli ta farfaɗo da wata tsohuwar doka ta 1866, ta ce wariyar launin fata a cinikin gida haramun ce ko ga wanda ke sayarwa da kansa.

Da fari dokar ba ta da haƙora sosai, don ma'aikatar gidaje sulhu kawai take iya yi. A 1974 aka ƙara hana bambanci tsakanin mace da namiji, a 1988 aka ƙara naƙasassu da iyalai masu yara, aka kuma ƙarfafa hukunci. Sauran matsalar ita ce hujja, domin wanda aka karkatar zuwa wata unguwa da murmushi bai san abin da aka nuna wa wani ba. Maganin da aka samo shi ne a tura mutum biyu, fari da baƙi, masu kuɗi daidai da buƙata iri ɗaya, wurin dillali guda, sannan a gwada abin da aka faɗa wa kowa. A 1982 Kotun Ƙoli ta amince cewa irin wannan ɗan gwaji da aka yi wa ƙarya yana da ikon kai ƙara.

Da wannan dabara jaridar Newsday ta gwada dillalai 93 a yankin Long Island na jihar Niyok, ta buga sakamakon a 2019: a kashi 49 cikin 100 na gwajin da aka yi da baƙaƙen fata, an samu alamar nuna musu bambanci. A 2020 jihar ta yi dokar da ta fayyace ikon hukuma na dakatar da lasisin dillalin da ya nuna wariya ko ƙwace shi. A watan Nuwamba na shekarar, shugaban ƙungiyar dillalai ta ƙasa ya fito ya nemi gafara kan rawar da ƙungiyar ta taka, shekara 96 bayan rubuta sashe na 34.