Sa'idu Ibn Misjah, Mawaƙin Makka

Kafin a ƙago faifan garmaho, sau da yawa mawaƙi ba shi da madogara sai ubangida. Dubi Sa'idu Ibn Misjah, wani bawa baƙar fata a Makka. An ruwaito cewa ya ji Farisawa magina suna waƙa a bakin aiki, ya ɗauki karinsu ya ɗora wa baitocin Larabci. Da ubangidansa ya ji, sai ya 'yanta shi.

A zamanin Halifa Abdulmalik (685–705) aka yi ƙararsa, wai yana ɓata samari. Aka ƙwace dukiyarsa, aka tura shi Sham. Halifa ya saurari waƙarsa, ya yafe masa, ya sa aka mayar masa da dukiyar.

Muryarsa ta bi shi kabari. Karin kuwa, almajiransa, su Ibn Suraij da Garid, su suka riƙe shi.