Uwargida da Ƙwarƙwara a Tarihin Auren Koriya

Dokokin aure a ƙasar Koriya sun shafe ƙarnoni suna auna laifin miji da na mata da mudu biyu daban, kuma tushen wannan bambanci yana cikin daular Joseon, wadda aka kafa a 1392 bisa koyarwar Konfushiyas, wato tsarin da ya ɗora uba a kan ɗa, ya ɗora miji a kan mata. A 1413, zamanin Sarki Taejong, aka hana namiji ajiye matar aure fiye da ɗaya, amma aka bar masa damar ƙwarƙwara, wadda ake kira cheop, ta yadda attajiri ko basarake zai iya shigo da wata mace gida ba tare da an ce ya ci amanar aure ba. Nauyin wannan sassauci ya faɗa ne a kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, domin ɗan ƙwarƙwara ba ya gadon shugabancin gida idan akwai ɗan uwargida, kuma an toshe masa hanyar babbar jarrabawar shiga aikin sarauta.

Ita kuwa mace, ko mutuwar miji ba ta warware mata igiya. A 1477, Sarki Seongjong ya zartar da cewa 'ya'yan matar da ta sake aure ba za su riƙe muƙami ba, saboda haka yarinyar da mijinta ya rasu tana da ƙuruciya sai ta zaɓi tsakanin sabon aure da makomar ɗanta, kuma abin takaici ne cewa hukuma takan gina ƙofar karramawa a garin wadda ta haƙura har mutuwa.

Mulkin mallakar Japan, daga 1910 zuwa 1945, ya mai da wannan al'ada ta fifita namiji rajista, ta hanyar tsarin hoju, wato rubuta kowane iyali ƙarƙashin sunan maigida guda, wanda ɗa namiji ke gadonsa ko da yana goye, mahaifiyarsa kuma tana ƙarƙashinsa a takarda. Dokar laifuffuka ta lokacin tana hukunta matar aure idan ta yi zina, miji kuwa ba a tuhumarsa don ya nemi mace marar aure.

Sashe na 241 na dokar Koriya ta Kudu ta 1953 shi ya daidaita hukuncin, ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba ga miji ko mata. A lokacin, ƙorafin zina ba ya karɓuwa sai mai ƙara ta shigar da neman saki, shi ya sa matan da tura ta kai bango sukan ɗauki 'yan sanda zuwa ɗakin otal domin a kama mijin turmi da taɓarya. Ba ramuwa kaɗai ke kai su ba: kafin 1991 doka ba ta ba matar da aka rabu da ita haƙƙin neman rabon dukiyar da aka tara tare ba, don haka tsoron kurkuku ne kusan abin da ke sa miji ya biya diyya.

An soke tsarin hoju daga 1 ga Janairun 2008, bayan gwagwarmayar da Lee Tai-young, lauya mace ta farko a ƙasar, ta faro tun shekarun 1950. Kotun Tsarin Mulki, wadda sau 4 tana tabbatar da sashe na 241, ta rushe shi ranar 26 ga Fabrairun 2015 da rinjayen alƙalai 7 a kan 2. A watan Satumba na shekarar, Kotun Ƙoli ta riƙe ƙa'idar cewa wanda ya ɓata auren ba shi da hurumin neman saki, da rinjayen 7 a kan 6, tana mai dogaro da cewa har zuwa lokacin doka ba ta tanadi isasshiyar kariya ga matar da miji zai kora don ya kawo wata ba.