Hazon Hunturu da Hayaƙin Gari: Abin da Hasashen Kwamfuta Ke Gani a Zuru

Ƙurar da ke lulluɓe duwatsun Zuru tsakanin Nuwamba da Maris ba ta garin ba ce. Mafi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, inda wani tsohon tafki ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi. Iska ce ke kutsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashe ta, ta yo kudu maso yamma da ita. Da yake tafiyar kan ɗauki kwanaki, ana iya hasashenta, kuma a kan haka hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitar da gargaɗin hazo.

Manhajojin hasashe irin su WRF-Chem, da tsarin CAMS na Tarayyar Turai, sukan yanka sararin sama gida-gida, su lissafa gudun iska da zafi da laima a kowane gida, sannan su bi sawun ƙurar. A wannan fanni sun yi nisa.

Inda gizo ke saƙar shi ne cikin gari. A daren hunturu ƙasa kan huce da wuri, iska mai sanyi ta kwanta ƙasa, mai ɗumi ta danne ta kamar murfin tukunya. Hayaƙin itacen girki, da na janareta, da na bola, da na ƙonen daji bayan girbi, sai ya rasa hanyar tashi. Wanda ya fita da asuba ya san yajinsa a ido da maƙogwaro, kuma masu asma su ne ke fara ji a jikinsu. To amma faɗin gida guda a tsarin CAMS ya kai kusan kilomita 40, wato garin Zuru da ƙauyuka da gonakin kewayensa duk lamba ɗaya ake ba su.

Ana iya ƙanƙanta gidajen a WRF-Chem, sai dai dole a faɗa wa manhajar yawan hayaƙin da kowace unguwa ke fitarwa, a kuma gwada sakamakonta da awon ƙasa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar ƙananan ɓurɓushin PM2.5 a maikurogiram 15 cikin kowace mita kubik ta iska a yini. Sai da awo za a san ko iskar gari ta haura wannan iyaka, don haka a ganina, ƴan na'urorin awo masu rahusa a kasuwa da tasha, ƙarƙashin kulawar Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, su ya kamata su riga kowace sabuwar manhaja zuwa.